Conte da 'yan baya uku: me ya sa yake cin lig amma kofin Turai ya gagare shi a matsayin koci?

Ɗan Bolari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Musu ya ƙi ƙarewa a gidajen kallon ƙwallo na nan Gombe a kan Antonio Conte. Wasu sun ce tsarin 'yan baya uku tun yana ɗan wasa ya taso da shi, wasu sun ce a Chelsea ya ƙirƙiro. Masana, ina gaskiyar take? Kuma ƙungiyar unguwa za ta iya buga wannan tsari?

Na Wunti:
Wa alaikumus salam. Duka ɓangarorin biyu sun kauce. Conte ɗan tsakiya ne, haifaffen Lecce a 1969, a can ya fara kafin Juventus ta saye shi a 1991 lokacin Trapattoni. Ya zauna har 2004, ya riƙe kyaftin, ya ci Seriya A sau 5 da kofin zakarun Turai na 1996. Ba gwanin yanka ba ne, ɗan wahala ne mai gudu da ƙwace ƙwallo, kuma irin 'yan wasan da yake so ke nan har gobe.

Da ya zama koci, 4-2-4 yake bugawa. Da shi ya hau da Bari zuwa Seriya A a 2009. Sai da ya karɓi Juventus a 2011 ya samu kansa da Pirlo, Vidal da Marchisio a tsakiya, ga Barzagli, Bonucci da Chiellini a baya, babu wanda za a ajiye a benci a cikinsu, shi ne ya koma 3-5-2. Kayan da ya samu ne suka ba shi tsarin. A kakar farko ba a doke su ko sau ɗaya ba a lig, a ta uku suka tara maki 102.

Koci Jekadafari:
Malam Na Wunti ya gama da tarihi, bari in shiga filin. A duba Chelsea ta 2016. Bayan Arsenal ta ba su 3-0 a watan Satumba ya juya zuwa 3-4-3, suka ci wasa 13 a jere, suka ɗauki Firimiya da maki 93.

Na tsakiyar 'yan bayan nan uku, wato David Luiz, ba mai bin mutum ba ne. Shi ne mai share abin da ya wuce, kuma shi ke fara rarraba ƙwallo. Azpilicueta da Cahill su ke fita su tari ɗan gaba. Kante da Matic ba sa barin tsakiya su biyu a lokaci guda. Nauyin duka yana kan 'yan gefe biyu, Alonso a hagu da namu Victor Moses a dama. In ƙwallo na hannunku, su hau sama su manne da layi, 'yan gaba su zama biyar, Hazard da Pedro su shigo ciki. In ta kuɓuce, su dawo a guje, baya ta zama biyar. Moses da aka yi ta bayar da shi aro ga Liverpool, Stoke da West Ham, a wannan gurbin ya samu kansa, don yana da huhu kuma yana jin magana.

Inda ake huda tsarin shi ne ratar da ke tsakanin ɗan gefe da ɗan bayan da ke kusa da shi. Tottenham ce ta tsayar da nasarorin nan a Janairun 2017 da ci 2-0, kuma duka biyun iri ɗaya ne: Eriksen ya ɗago ƙwallo zuwa turke na nesa, Dele Alli ya shiga tsakanin Azpilicueta da Moses ya sa kai. Kowa ya zaci ɗan'uwansa ne ke riƙe da shi.

Ɗan Yelwa:
Koci, a ƙara da batun lokaci, don a ganina nan ne amsar tambayar take. Conte yana jera 'yan wasa 11 a fili ba abokan karawa, su yi ta maimaita motsi ɗaya har jiki ya haddace. Wannan yana son mako guda cur. Juventus ta 2011, Chelsea ta 2016 da Napoli ta 2024, duk ba sa buga gasar Turai a kakar da ya ci musu lig. Inter ma da ta ci a 2021, tun Disambar 2020 aka fitar da ita daga rukuni a kofin zakarun Turai. Da zarar wasa ya zama Laraba da Asabar, atisayen ya ragu, 'yan gefen sun gaji. Shi ya sa a kofin zakarun Turai bai taɓa wuce zagayen 'yan takwas ba a matsayin koci, inda Bayern ta cire Juventus a 2013.

A lura kuma, a Napoli da 'yan baya huɗu ya buga yawancin wasannin da ya ci kofin 2025.

Koci Jekadafari:
Haka ne. Ɗan Bolari, ga ƙungiyar unguwa, kada ku fara sai kuna da 'yan gefe huɗu masu gudu, ba biyu ba. Wasan ƙarfe huɗu a zafin Gombe na watan Afrilu, yaro ɗaya ba zai yi hawa da sauka na minti 90 ba, ku shirya canza su wajen minti 60. Na tsakiyar baya ya zama mai baki, shi zai riƙa kiran sunan wanda zai bi mai shigowa turke na nesa. A filin ƙasa mai tudu da kwari kuma, kada ku tilasta gajeren fasin daga gola, ku jefa wa lamba tara ya tare da ƙirji ya ajiye wa na bayansa, kamar yadda Lukaku ya riƙa yi wa Lautaro a Inter lokacin Conte. In sau biyu kawai kuke atisaye a mako, ku zauna a kan 'yan baya huɗu tukuna.