Sabon batir yana mutuwa idan mota ta kwana biyu a ajiye

Mai Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sani game da matsalar da ta addabi motata. Idan ina hawanta kullum ba ta ba ni wahala, amma da zarar ta kwana biyu a ajiye, sai in murza makulli in ji ƙas-ƙas kawai, injin ya ƙi tashi. Na zaci batir ne ya tsufa, na sayi sabo, amma bai yi mako uku ba ya soma halin na da. Wani mai gyara ya cire kan batir alhali injin yana aiki, da ya ga motar ba ta mutu ba sai ya ce altaneta, wato na'urar da ke cajin batir idan injin yana aiki, lafiyarta ƙalau. To, ina wutar take zuwa?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai ina roƙonka kada ka sake bari a cire kan batir injin yana aiki. Wannan dabara ta zamanin motocin da ba su da kwamfuta ce. Batir shi ne yake shanye hauhawar wutar da altaneta ke fitarwa, idan aka raba su kwatsam wutar tana iya yin tsalle ta ƙona kwamfutar injin, kuma duk da haɗarin, gwajin bai nuna komai ba face cewa altaneta tana ba da ɗan abin da zai riƙe injin.

Abin da ake bukata shi ne mitar awon wuta. Ka auna batir da safe kafin a tayar da mota: cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6, idan kuwa ya sauko 12.2 to rabin cajinsa ya tafi. Sannan ka tayar da injin ka sake aunawa, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.7. Abin da ya haura 15 alama ce ta ragileta, wato abin da ke daidaita wutar da altaneta ke fitarwa, ta lalace tana dafa batir. Daga nan ka kunna fitilu da fanka da na'urar sanyaya mota gaba ɗaya, ka ga ko adadin zai tsaya ko zai zube.

Direban Dare:

Ni a ganina a fara duba bel ɗin da ke juya altaneta da kawunan batir. Bel da ya saki yana sulɓewa ne lokacin da aka ɗora wa altaneta nauyi, haka kuma farin garin da ke taruwa a kan batir ko wayar da ke haɗa shi da jikin mota idan ta yi tsatsa, duk suna hana caji shiga yadda ya kamata.

Tsohon Bakanike:

Gaskiya ne, ɗan'uwa, a duba su tunda ba su da wahala. Sai dai bayanin nasa ya fi karkata ga wani abu da ke zuƙar wuta bayan an kashe mota. Malam, ka cire wayar da ke kan batir mai alamar ragi, ka saita mita a ma'aunin amfiya 10, ka haɗa ta tsakanin wayar da kan batir ɗin. Ka rufe ƙofofi, ka jira kamar rabin sa'a har na'urorin motar su lafa, kuma kada ka kuskura ka murza makulli a wannan hali domin mitar ba za ta ɗauka ba. Abin da bai wuce miliamfiya 50 ba, wato amfiya 0.05, daidai ne. Idan ya zarce haka sosai, ka riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har ka ga adadin ya faɗi.

Mai Tambaya:

Allah ya saka muku da alheri, na yi duk yadda kuka ce. Da safe batir ya nuna 12.1, injin yana aiki 13.8, amma da na kunna komai sai ya sauka 12.9. Bel a ɗaure yake, kawunan batir kuma tsaf. Zuƙar da na gani bayan an kashe mota ta kai miliamfiya 600, kuma na zare fis ɗin cikin akwatuna biyun kaf, ba ta ragu ba.

Tsohon Bakanike:

To, zargina ya koma kan altanetar da aka ce lafiyarta ƙalau tun farko. A cikinta akwai dayod, galibi guda shida, waɗanda aikinsu shi ne barin wuta ta fita zuwa batir ba tare da ta dawo ba. Idan ɗaya ya ƙone ya buɗe hanya ta baya, altaneta za ta ci gaba da caji da rauni, shi ya sa ta gaza da ka ɗora mata nauyi, da dare kuma wutar batir ta riƙa komawa cikinta ta babbar waya, wadda ba ta bi ta ƙananan fis ɗin da ka zare ba. Domin ka tabbatar, ka raba batir da mota tukuna, ka kwance babbar wayar bayan altaneta ka naɗe bakinta, sannan ka maimaita awon. Idan zuƙar ta faɗo ƙasa da 50, a canza farantin dayod ɗin, a duba kabon, wato 'yan sandunan da ke gogar sashen da ke juyawa a cikin altaneta, tunda an riga an buɗe ta. Batir ɗin kuma a cika shi da na'urar caji kafin a mayar, domin gajerun tafiye-tafiye ba za su dawo masa da abin da ya rasa ba.