Gidan Ɗan Hausa: da gaske na Bajamushe ne?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum. Makarantar su yarona ta kai su Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, ya dawo yana ce min wai gidan Bajamushe ne. Ni a Yakasai na tashi, kakata kuwa cewa take gidan Baturen makaranta ne tun zamanin Sarki Abbas. To me ya kawo Bajamushe, bayan Ingilishi ne suka ci Kano a 1903?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Zancen kakarki ya fi. Sunan mai gidan Hanns Vischer, wanda ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, haifaffen Basel a Siwizalan, 1876. Jamusanci suke yi a can, daga nan ruɗanin ya samo asali. Aikin mishan ne ya fara kawo shi, sannan ya zama ɗan Ingila ya kama aikin gwamnati a Barno. A 1906 ya ratso Sahara daga Tarabulus. A 1909 ya buɗe makarantar Nasarawa, ana koyar da 'ya'yan sarakuna da malamai boko cikin harshen Hausa, har da sashen sana'ar hannu. Nasarawa lokacin bayan gari ce, gonaki da gidan shaƙatawar Sarki. Turawa suka kafa unguwarsu a wajen ganuwa, jirgin ƙasa ya iso a 1911, waje ya fara cika.

Ɗan Magina:
Ni ginin ne ya dame ni. Kowa Bature, Bature, ba mai tuna maginan Kano da suka ɗora tubalin. Hajiya, ki je da kanki, ki ɗaga kai ki ga ɗaurin guga da jeren azara, ki duba kaurin bango. Da azahar a watan bazara za ki ji ɗakin da sanyi, ba fanka. Yau wa zai yi miki wannan? Ginin ƙasa kuma yaɓe yake so a kai a kai, damina ɗaya aka yi sake sai zanko ya fara zubewa. Hukumar Tarihi da Al'adu da ke riƙe da gidan, Allah Ya ba su ikon kula.

Baba na Dala:
'Yata, Bajamushen gaske shi ne matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim. Ya zo a 1851, zamanin Sarki Usman, kuma cikin birni ya sauka, baƙo ne mai wucewa. Shi kuwa Ɗan Hausa, iyayenmu ba su manta da mishan ya fara ba, shi ya sa da yawa suka ɓoye 'ya'yansu.