Rodi ya yi tsatsa kafin a zuba dekin, mene ne abin yi?

Mai Gini a Ɗorayi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ginina ya kai linta, muna shirin zuba dekin. Rodin da na saya tun kafin damina yana ajiye a fili, duk ya yi ja da tsatsa. Mai ɗaurin rodi ya ce ba komai, wani kuma ya ce in shafa masa fenti ko baƙin mai kafin a ɗaura. Abin da ya tayar min da hankali, a gidan da nake haya kankaren saman banɗaki ya fara ɓantarewa, ga rodi nan a waje yana marmashewa. Ba na son nawa ya koma haka.

Tsohon Magini: Wa alaikumus salam. Ɗana, don Allah kada ka bari baƙin mai ya kusanci rodin nan. Idan ya sha mai, kankare ba zai kama shi ba, kuma kamun nan shi ne ƙarfin dekin. Fentin gida ma haka. Tsatsar da ke fita in ka goga da tafin hannu ba ta da illa. Wadda ta yi ɓawo tana ɓarewa, a sa mata buroshin ƙarfe. In an goge ka ga rodin ya yi ramuka ko ya sirance, wannan kam a ware shi. Sauran kuma ka ɗora su kan katako ka rufe da leda, kada su ci gaba da kwana a ƙasa.

Injiniya daga Kaduna: Baba ya faɗi gaskiya. Bari in ƙara, domin mutane na damuwa da tsatsar da suke gani yau, alhali wadda ke rusa gini ita ce ta bayan shekara goma ko ashirin. Kankare da kansa shi ne maganin tsatsa. Yana da kaifi irin na ruwan toka, a ma'aunin pH yana tsakanin 12 da 13, kuma wannan kaifin yana yi wa rodi wata siririyar fata da ke hana shi tsatsa ko da akwai danshi. Abu biyu ke lalata fatar. Na farko iskar kabon da ke sararin nan, tana ratsa kankare sannu a hankali daga waje, tana kashe kaifin har ya sauko wajen 9. Ranar da ta isa kan rodi, kariya ta ƙare. Na biyu gishiri, shi ba ya ma jiran kaifin ya mutu.

Da tsatsa ta fara, sai ta kumbura, tana cin wuri ninki biyu har zuwa shida na ƙarfen da ta cinye. Ita ce ke tsaga kankare daga ciki. Abin da ka gani a banɗakin gidan hayarka ke nan, Malam.

Saboda haka abin da za ka tsaya a kai shi ne kaurin kankaren da ke rufe rodi. A dekin na cikin gida kada ya gaza milimita 25, wato inci ɗaya. Pila da bim, musamman na waje, 40. Harsashin gini 50, in kuma kai tsaye a kan ƙasa za a zuba, 75. Ba da ido ake samun wannan ba, sai an sa biskit, wato 'yan ƙananan matokarai da ke raba rodi da allo, a ƙarƙashin rodi da gefensa.

Mai Gini a Ɗorayi: Injiniya, biskit ɗin saye ake yi? Na ga su dutse ko guntun bulo suke cusawa.

Tsohon Magini: Guntun bulo shan ruwa yake, shi zai kai wa rodin danshi. Katako ya fi shi muni. Ka sa a buga maka biskit da siminti da yashi mai kyau, a soka waya a tsakiya don ɗaurewa, mako guda kafin ranar zubi domin ya yi ƙwari. Akwai na roba a kasuwa, su ma suna aiki. Sannan ranar zubi a shimfiɗa katako inda leburori za su bi da baro. Sau da yawa an ɗaura rodi daidai, amma tattakawa ta kwantar da shi a kan allo, in an cire allon sai ka ga zanen rodin a ƙasan dekin. Wannan ba ya shekara biyar bai fara zubar da jan ruwa ba.

Injiniya daga Kaduna: Sai ruwa, kuma a nan ne nake rigima da leburori kullum. Suna son kwaɓi ya yi ruwa-ruwa don ya yi sauƙin ɗiba. Duk ruwan da ya wuce buƙatar siminti zai bushe ya bar ƙananan ƙofofi, ta nan iska da gishiri ke shiga. Buhu ɗaya mai kilo 50 kada ya sha fiye da jarka ɗaya mai lita 25, in yashin jiƙaƙƙe ne a rage. Idan kwaɓin ya yi tauri, maganinsa injin girgiza kankare, a yi hayarsa na yini, ko a sa sinadarin sassauta kwaɓi. Bayan zubi a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7. A zafin Maris da Afrilu ko lokacin hunturu saman kankare kan bushe cikin sa'o'i kaɗan ya yi tsaga, to a rufe da jiƙaƙƙen buhu, ko a yi ɗan gefe a tara ruwa a kai. Fatar saman nan da ake bari ta ƙone, ita ce fa ke tsare rodin.

Ɗan Agege: Ku a Arewa Allah ya sauƙaƙa muku. Mu nan Legas, musamman wajen Lekki da Ajah, iskar teku kaɗai ta isa. Ga yashin da ake haƙowa daga ruwan gishiri, in ba a wanke shi ba ka zuba wa rodi guba tun ranar farko. 'Yan uwanmu na Ankara ta Ghana da Kwatano su ma su kula. Ni shawarata ga mai hali, ya nemi rodi mai koren rufin nan na ifoksi, wato wani irin fenti mai tauri da ake yi masa tun daga masana'anta.

Injiniya daga Kaduna: Alhaji, yana da amfani, amma ina da ja a kansa. Rufin ifoksi yana aiki ne muddin bai ƙuje ba. Dubi yadda ake sauke rodi a wurinmu, a wurgo shi daga tirela, a ja shi a ƙasa, a lanƙwasa da bututu. Inda ya ƙuje, nan tsatsa ke taruwa ta ci wuri guda. A gadojin tsibiran Florida na Amurka an sa irinsa, cikin shekarun 1980 aka tarar ya fara tsatsa bai ma shekara goma ba. Mai rufin tutiya ya fi jure wulaƙancin wurin aiki. Wanda ya fi duka shi ne ƙarfen da ba ya tsatsa. Akwai doguwar gadar tashar jiragen ruwa ta Progreso a Meziko, da shi aka gina ta, an gama a 1941, har yau tana tsaye cikin teku. Sai dai kuɗinsa ba na mai ginin gida ba ne. Akwai kuma rodin zaren gilashi, ba ya tsatsa sam, amma ba a lanƙwasa shi a wurin aiki, kuma sai an sake lissafin ginin dominsa. Ga gidan zama a Kano, duk waɗannan ba su kai biskit da rage ruwa ba.

Malamin Makaranta daga Diffa: Kada a ce gishiri sai bakin teku. A yankinmu har zuwa Nguru da Gashuwa akwai rijiyoyi masu zartsi, ƙasar ma da kanwa. Abin da dattawan magina ke cewa a nan, ruwan da ba za ka iya sha ba kada ka kwaɓa kankare da shi. Gara ka sayi tanka. Kuma a yi hattara da garin da ake sayarwa wai yana sa kankare kamawa da wuri, wasunsu gishirin kalshiyam ne, ba a haɗa su da rodi.

Hajiya Mai Gidajen Haya: Ni tawa matsalar sokawe ce. Murfin masai biyu sun rufta min cikin gidaje, Allah ya kiyaye ba kowa a kai. Da aka duba, rodin ya zama gari. Injiniya, me ya sa nan ya fi saurin lalacewa?

Injiniya daga Kaduna: Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa. Warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi daga ramin, idan ya haɗu da danshin ƙasan murfi yana komawa asid, ya cinye kankaren ta ƙasa inda ba mai gani. Sama lafiya lau, ƙasa ta ƙare. Murfin sokawe yana son kankaren da ke rufe rodi ya kai milimita 50 ta ƙasa, siminti wadatacce, da bututun fitar da iska mai faɗi wanda ya wuce tsayin rufin ɗaki. Wanda ya haura shekara goma, a buɗe a haska da tocila daga sama, kada kowa ya shiga ramin, iskar tana kisa.

Malam na Ɗorayi, game da gidan hayarka, ka sanar da mai gidan yau. Shafa filasta a kai ɓoye ciwo ne kawai. Sai an fara tsayar da yoyon da ke sama, a tokare dekin, a fasa kankaren har bayan rodin yadda yatsa zai zagaya shi, a goge har ƙarfe ya yi haske, a ƙara sabon rodi inda ya sirance, sannan a cike da simintin gyara. A Surfside ta Florida, benen da ya rushe a Yunin 2021 ya kashe mutum 98, tun 2018 wani rahoton injiniya ya nuna ruwa na ratsa kankaren ƙarƙashin wurin ninƙaya, gyaran ya yi ta jinkiri. An gano wasu kurakuran a ginin, amma gargaɗin yoyon ya zo da wuri.

Hajiya Mai Gidajen Haya: To sabon murfin, in sa a zuba shi a kan ramin ko a gefe?

Tsohon Magini: A gefe, Hajiya, gunduwa-gunduwa yadda mutum huɗu za su iya ɗagawa. Ya sha ruwa mako biyu, a juya shi a duba ƙasan, a shafa masa kwalta, sannan a ɗora.