Ɗana yana aji huɗu amma bai iya haɗa baƙi ba, ku ya kuka yi da naku?

Wani uba daga Mabera, Sakkwato:
Assalamu alaikum jama'a. Ɗana yana aji huɗu na firamare. In ana karatu a tare, muryarshi ta fi ta kowa tashi, haddar sau kuma yana kai ta har goma sha biyu. Amma da na rubuta mishi "tumatir" a takarda, sai ya tsaya yana kallona. Na ce bakwai sau takwas nawa, ya koma tun daga bakwai sau ɗaya yana rerowa. Abin ya tsaya mini a rai. Wanda ya taɓa ganin irin wanga ya taimaka.

Malamar aji biyu, Runjin Sambo:
Wa'alaikumus salam Alhaji. Kada ka ga laifin yaron. Karatun amshi yana ɓoye da yawa: malami ya faɗa, aji ya ɗauka, kunne ne ke aiki, ido bai taɓa allo ba. Ni na gane hakan ne da littattafan Mu Karanta, waɗanda shirin NEI Plus na tallafin Amurka ya kawo Sakkwato da Bauci domin aji ɗaya zuwa uku. Tsarinsu shi ne a fara da Hausa: sautin harafi, sai gaɓa, sai kalma, sannan ɗan labari. In yi, mu yi tare, sai yaro ya yi shi kaɗai. Wannan na ƙarshen ne ake yawan tsallakewa in aji ya cika. Yanzu kullum ina kiran yara kaɗan gaban allo, in nuna gaɓa da sanda ba bisa jeri ba. Ka yanka kwali, ka rubuta tu, ma, ka, ri, ka bar shi ya haɗa da hannunshi bayan magariba. In Hausar ta zauna, Turanci ba ya wuya.

Wata kaka daga Ƙofar Marke:
Ɗana, ni tsinken tsintsiya na yi wa jikata. Goma goma muke ɗaurewa da zare. Na ce ta cire 17 daga 32. Ɗauri uku da tsinke biyu ne gabanta, bakwai ba ta fita daga biyu, sai ta kwance ɗauri ɗaya da kanta. Ranar ta san abin da malam ke nufi da aro.

Mai shago, Gidan Igwai:
Gaskiyar Hajiya. Yarinyar da ke talla ba ta ɓata canjin ɗari biyar, amma a rubuce ta kasa. Nawa yaran da kuɗi na koya musu lissafi.

Malamin aji uku, Arkilla:
Ku duba maganar natsuwa ma. A Afrilu da Mayu zafin garin nan yana wuce digiri 40, ga rufin kwano. Yaro ya tashi tun asuba ya je makarantar allo, wani ko koko bai sha ba, kuɗin tara babu. Bayan tara sai gyangyaɗi da tsokana, monita ya cika takarda da sunaye, bulala kuwa ba ta ƙara musu komai. Na roƙi hedimasta ya maido mini lissafi darasin farko, na kuma sa masu surutu gaba, su ke raba littattafai da goge allo. Alhaji, ka je da kanka ka ga inda ɗanka ke zama, ka tambayi malaminshi ko ya taɓa jin karatunshi shi kaɗai.