Idan bakin hadis ɗin waje ya karye: abin da masu gyara suka ce

Jiya a rumfar wani mai gyaran kwamfuta kusa da Kasuwar Dole, nan Damagaram, hira ta kai kan hadis ɗin waje (wato hard disk, ma'ajiyar bayanai da ake jona wa kwamfuta da waya) da bakinsa na USB ya karye.

Da farko, a daina murɗa waya ana neman ya kama. Haka ake tsinke siraran layukan tagulla na allon lantarkin da bakin yake jikinsa. Yawancin 'yan kamfanin Seagate, in aka buɗe kwanson, hadis ne mai inci 2.5 da bakin SATA (irin bakin hadis na cikin kwamfuta), an liƙa masa ƙaramin allo mai bakin USB. Sai a zare allon, a sa hadis ɗin cikin sabon kwanso, shi ke nan. Manyan masu inci 3.5 kuwa sai da wutar volt 12.

Hadis samfurin WD My Passport ne rigima, don bakin USB ɗinsa a jikin allon hadis ɗin yake. Wannan sai walda da dalma, kuma a ganina mai gyaran salula ya fi hannunta, shi da kullum yake sauya bakin caji.

Wani dattijo ya ce in hadis ɗin ya tashi, a fara kwashe hotuna da takardu tukuna. In kuma yana ƙas-ƙas, a cire shi nan take, galibi ciwon ba na baki ba ne.