Wai su waye suka rubuta tarihin ruwa da dajin Kano ne?

Ɗan Jakara:
Salam 'yan uwa. Duk abin da nake karantawa kan tarihin muhallin Kano, daga rahoton Turawan mulki sai takardun ma'aikata. Za a ce maka an gama dam ɗin Tiga a 1974 zamanin Audu Bako, na Challawa kuma 1992, shikenan. To mutanen da ruwa ya ci garuruwansu aka tashe su fa, wa ya zauna da su ya rubuta nasu labarin?

Maman Khalifa:
Wallahi ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Mata ma ai ba a sako su a lissafi, alhali su suka san rijiyar da ta fara ƙafewa da lokacin da itace ya yi tsada. Kakata in ta fara lissafo kududdufan cikin gari da aka cike aka yi gini a kai sai ka riƙe baki, wannan nan ake wanki, wancan nan magina suke ɗibar ƙasa, kuma yanzu unguwannin ne ruwa yake shiga ɗaki duk damina amma sai a ce wai shara ce kawai.

Malam Na Kabuga:
Hajiya gaskiya ne, sai dai labarin baka ba shi da kwanan wata, tsoho zai haɗa maka fari biyu ya mayar da su ɗaya. Dole a gwada da takarda.

Maman Khalifa:
Malam ai suna da nasu lissafin, da sunan yunwa suke ƙirga shekaru. In aka ce Kakalaba ai ta 1914 ake nufi. Ita ma takardar wani ne ya rubuta, kuma haraji ne a gabansa.

Jikan Arɗo:
Mu dai sai an yi rikici ake tuna mu. Burtalin da aka nome babu wanda ya san shi kamar makiyayi. Ku gangara Haɗeja da Nguru ma ku tambayi masunta yadda ciyawar kacala ta toshe musu hanyar ruwa bayan an yi dam-dam ɗin nan. Ko nan Sharaɗa, masu lambun da ruwan kamfanonin jima yake bi ta gonarsu.

Ɗan Jakara:
To wa zai raka ni Ƙofar Mata ranar Asabar, mu fara da marina? Waya ta isa ɗaukar murya, amma sai mun nemi izininsu tukuna.