Kumfar alminiyam: gindi ya daskare curi guda, sama ta yi manyan ramuka

Ɗan Tanda:

Assalamu alaikum malamai. Ina neman haske a kan zubin kumfar alminiyam, wato alminiyam mai ramuka kamar soso, ta hanyar kalsiyam da garin TiH2 (gari ne da ke sakin iskar haidirojin idan ya ji zafi, ya kumbura ƙarfen), irin wadda kamfanin Shinko Wire na Japan ya riƙa yi da sunan Alporas. An narka alminiyam kilo 1 a digiri 730, aka zuba kalsiyam giram 15, aka burga minti 2. Sai TiH2 giram 20, aka burga minti 4, aka bar shi ya kumbura minti 15, sannan aka kashe tanda ya huce a ciki. Da aka yanka, gindin ya daskare curi guda, kaurin yatsa biyu babu rami ko ɗaya. A tsakiya akwai kogon da ƙwai zai shiga, sama kuma bangon ramukan duk ya yage. Sau uku ana maimaitawa, haka yake fitowa. Garin ne ya yi yawa, ko zafin?

Injiniya Mai Zubi:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Awon kalsiyam ɗinka daidai ne, kashi 1.5 cikin ɗari ake sawa, amma burgawar minti 2 ba ta kai ko'ina ba. Ba kalsiyam ɗin kansa ke riƙe kumfa ba. Yayin da maburgi ke jan iska cikin narkakken ƙarfe, kalsiyam na haɗuwa da iskar oksijin ya haifar da ƙananan ƙwayoyin CaO da CaAl2O4, su ne ke sa ruwan ƙarfen ya yi kauri, har ninki biyar. Don haka a buɗe ake burgawa, kada a rufe shi da iskar agon (iskar da ke kare ƙarfe daga oksijin) a wannan matakin. Ka kai shi wajen minti 10, kana kallon wutar da injin maburgin ke ja: idan ka ga ta hau, kauri ya samu.

Zafin kuma ya wuce kima. A digiri 680 ake aikin Alporas, digiri 20 kacal sama da inda tsantsar alminiyam ke narkewa. Duk abin da ka ƙara a kai, ƙarfen na ƙara tsinkewa.

Dubi kumfar sabulu a bokiti: kana barin ta, ruwan jikinta ya tsiyaye ƙasa, ta sama ta sirance ta fashe. Haka ƙarfe ke gangarowa ta mahaɗar da bango uku suka gamu ya taru a gindi, shi ne curin da ka gani. Bangon da ya rasa ƙarfe sai ya yage, rami biyu su zama ɗaya. Muddin ƙarfen na ruwa, wannan ba ya tsayawa, kuma kai da ka bar shi ya huce cikin tanda ka ba shi duk lokacin da yake so. Da kumburin ya tsaya, fito da mazubin ka sa masa fanka mai ƙarfi, ko ka fesa ruwa a jikinsa ta waje. Ruwa kada ya kuskura ya taɓa narkakken ƙarfen. Kumfa ba ta watsa zafi kamar curin ƙarfe, tsakiya ce ƙarshen daskarewa, shi ya sa ramukan can suka fi girma. Mazubi siriri ya fi faffaɗa sauƙin sarrafawa. Idan aiki ya yi kyau za ka ga ramuka na milimita 2 zuwa 10, nauyi kuma giram 0.18 zuwa 0.24 a kowane cc, wato santimita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi.

Malama Mai Awo:

Injiniya ya yi bayani, Allah ya saka da alheri. Sai dai kogon tsakiyar nan ina zargin garin ne ya dunƙule wuri ɗaya. Mu yi lissafi. Giram 1 na TiH2 na ba da haidirojin kusan lita 0.45 a sanyi, a digiri 680 kuwa ya haura lita 1.5. Giram 16, wato kashi 1.6 da aka saba sawa, ya kai wajen lita 25, alhali kilo ɗaya na kumfa mai nauyin giram 0.2 a kowane cc lita 5 ce kawai. Ka ga iska ba ta yi ƙaranci ba, mafi yawa tserewa take yi. Ƙara gari zuwa giram 20 yaga bango kawai yake ƙarawa.

Garin na fara sakin haidirojin tun wajen digiri 400, don haka yana taɓa ƙarfen ya fara aiki. Burgawar minti 4 na nufin kana farfasa kumfar da ta riga ta fara tashi. Ka naɗe garin cikin takardar alminiyam, ƙananan ƙulli-ƙulli, ka tura ƙarƙashin ƙarfen kusa da bakin maburgi, ka burga da gudu minti ɗaya zuwa biyu, ka zare.

Idan kana son ya jinkirta, baza garin siriri a faranti ka gasa shi a iska, digiri 480 na awa 3. Wata fata ce ke rufe kowace ƙwaya, sai sakin iskar ya ja baya zuwa zafi mafi girma, ka samu sararin gauraya shi sosai, ramukan su fito kusan kai ɗaya. A yi hattara, garin na kamawa da wuta. Akwai kuma CaCO3, wato garin alli, da ake sawa a madadin TiH2, ya fi araha nesa ba kusa ba, ramukansa sun fi ƙanana domin iskar da yake fitarwa na yi wa cikin kowane rami fatar da ke hana bango yagewa.

Ɗan Tanda:

Na gode malamai. Abu biyu da ban faɗa ba: ƙarfen tsofaffin fistin mota ne daga Panteka, ba tsantsa ba. Kuma ana so ne a hura iska ta ratsa cikin kumfar don sanyaya na'ura.

Baba Maƙeri:

To ai da wannan ya kamata ka fara, yaro. Fistin yawanci na ɗauke da silikon wajen kashi 12, irin wannan haɗin a digiri 577 yake narkewa. A 730 ka ɗora masa digiri 150, ba kaurin da zai riƙe kumfa. Sauko da shi 620 zuwa 640. Silikon kuma na haɗuwa da kalsiyam ya ci wani kaso nasa, don haka awon Alporas ba zai zauna maka daidai ba. Wanke maiƙo, cire zobba da fil na ƙarfe kafin narkawa.

Amma tunda iska ce za ta ratsa, ka bar hanyar nan gaba ɗaya. Ramukan Alporas a rufe suke, kowanne da ɗakinsa. Zubin gishiri za ka yi, wato ka zuba ƙarfen cikin ƙwayoyin gishiri, daga baya ka wanke gishirin ya bar ramuka masu haɗe da juna. Gishirin miya sai digiri 801 yake narkewa, alminiyam ba ya narka shi. Tankaɗe shi da rariya biyu ka ɗauki mai girma ɗaya, milimita 2 zuwa 3 ya fi sauƙi a fara da shi, domin girman ƙwayar gishiri shi ne girman ramin. Busar da shi ƙarƙaf, danshi kaɗan na iya sa ƙarfe ya yi tsartuwa. Cika mazubi kana bubbugawa, zai ci kashi 60 zuwa 65 na wurin, abin da zai zama ramuka ke nan.

Ɗumama gishirin kusa da zafin ƙarfen, in ba haka ba ƙarfen zai daskare a sama bai kai ƙasa ba. Alminiyam ba ya jiƙa gishiri, sai an tura shi da matsin agon ko an zuƙe iska ta ƙasa, kuma gishiri na ƙara laushi, matsin da ake bukata na ƙaruwa. Inda ƙwayoyi biyu suka taɓa juna, nan ce tagar da iska za ta bi. Matsi ya yi yawa, ƙarfe ya kutsa lungunan ya tsuke tagogin. Ya yi kaɗan, a samu wuraren da bai cika ba. Bayan zubin ya daskare, yanka shi tun gishirin na ciki don kada zarto ya murƙushe ramukan, sannan ka jiƙa a ruwan ɗumi kana canzawa har gishirin ya fita tas, saura kaɗan ma zai ci alminiyam ɗin daga baya.